Ranar da Kanari Ya Yi Shiru

Shekara goma sha tara ina riƙe wa ƙanena igiya. Shi ke shiga rijiya, ni ina sama, don ni Allah ya ba ni ƙirji, shi kuma ya ba shi jiki kamar tsinke da bakin da ba ya rufuwa. Kanari ake ce masa. Ko yasar rijiya yake yi, ko wanka, sai ka ji muryarsa.

Aikin nan wurin Babanmu muka gada, da dokokinsa. Fitila ke fara sauka kafin mutum, in ta mutu babu mai shiga. In na ciki ya ja igiya sau ɗaya, lafiya lau ke nan, sau uku kuwa a fito da shi. Sai dai muguwar iskar ƙasa ba ta sallama. Barci take sa mutum, hannunsa ya mutu kafin ya tuna da igiya. Shi ya sa Baba ya ce na ciki ya riƙa waƙa. Da waƙa ta tsaya, ja, ban da tambaya.

Shekarar ba ta zo wa Kanari da daɗi ba. Zazzaɓin kwana huɗu ya ɗauke masa 'yarsa tilo. Mako guda da binne ta ya koma waƙarsa, wadda ke cewa Ubangiji ba ya mance nasa. Ni dai haushi take ba ni, ban ɓoye ba.

"Kai wane irin mutum ne?" na ce masa. "Ina alkawarin yake ranar da muke haƙa mata kabari?"

"Yaya, bai ce ba zan shiga rami ba," in ji shi. "Cewa ya yi ko a ciki yana tare da ni."

Na yi tsaki na ci gaba da naɗe igiya.

Ranar Alhamis Fasto ya kira mu rijiyar bayan coci. Famfon ɗakin shan magani na cocin ya lalace, ga masu jego a kwance babu ruwa. Rijiyar kuwa shekara uku tana rufe. Da muka ture murfin simintin, wani wari ya bugo ni kamar na ruɓaɓɓen ƙwai. Babu ko kwaɗo ɗaya a ciki, kuma ban so hakan ba.

Na zura fitila. Da igiyar ta yi nisan gaba shida, gaba bakwai, sai harshen wutar ya tsuke ya koma kamar ƙwayar gero. Bai mutu ba, amma saura ƙiris.

"A bar ta ta sha iska zuwa gobe," na ce.

Kanari ya nuna tagar ɗakin maganin, inda wata tsohuwa ke tsaye da bokiti ba komai a ciki. "Su ma su jira gobe?"

Muka ɗaura buhu a igiya, muka yi ta saukarwa muna jawowa don iskar ta motsa, har kafaɗuna suka yi tsami. Da na sake zura fitilar, sai ta ci, ko da yake ba yadda nake so ba. Doka ta ce in ta mutu, ita kuwa ba ta mutu ba. Da wannan hujjar Kanari ya kayar da ni, ɗan banza mai taurin kai.

Ya ɗaura igiya a ƙugu, ya yi gajeriyar addu'a, ya sauka. Wajen ƙarfe huɗu na yamma ne. Muryarsa ta riƙa tasowa daga ƙasa, guga na hawa da baƙin taɓo ina zubarwa. Ya ja sau ɗaya. Na ɗan saki raina.

Abin da na mance shi ne ranar Alhamis matan coci ke koyon waƙa, kuma tagogin cocin na kallon rijiyar. Suka ji Kanari yana rerawa, abin ya burge su, sai suka kama masa. Mata kusan ashirin, da ganga da tafi. Waƙar ta cika filin, har ni mai tsaki na sami kaina ina kaɗa kai.

Ban san minti nawa aka yi ba. Wallahi har yau ban sani ba, kuma shi ne abin da ke cina. Kunnena na jin waƙa, doka ta ce in akwai waƙa akwai rai. Guga dai ya daɗe bai motsa ba, na ce a raina cika shi yake yi.

Sai ga matarsa ta fito daga cocin a guje, ɗankwali a hannu. Ita ma cikin mawaƙan take.

"Yaya, ba na jin muryarsa," ta ce. Ta juya ta ɗaga wa matan hannu. "Ku tsaya!"

Ganga ta tsaya. Na kai kunne bakin rijiyar. Babu komai, sai ɗigar ruwa.

Na ja igiyar. Ta yi nauyin da ban taɓa ji ba, nauyin mutumin da ba ya taimakon kansa. Fasto ya kama bayana, matan suka kama bayansa, muka ja har fatar tafina ta saɓule. Ya fito kansa a langaɓe, leɓɓansa sun yi baƙi, taɓo har cikin kunnuwansa. Nas ɗin ɗakin maganin ta danne ƙirjinsa tana hura masa iska a baki, ni kuwa ina tsaye ina zagin kaina da duk zagin da na sani.

Ya yi numfashi, amma bai farka ba. Kwana tara yana kwance a babban asibiti da roba a hanci. Likita ya ce ƙwaƙwalwarsa ta daɗe babu iska, ko ya tashi kada mu sa rai da magana. Matarsa tana gefen gado tana rera masa waƙar nan a hankali. Na kasa haƙuri.

"Har yanzu?" na ce mata. "Bayan 'yarki, bayan wannan?"

"To in na saki wannan, Yaya, me zan kama?" ta ce.

Rana ta goma da hantsi ya buɗe ido. Bakinsa ya motsa, ba abin da ya fito. Ya sake gwadawa, babu. Kanari ne fa wannan, wanda Mama ke ba shi alewa don ya yi shiru.

Na durƙusa na kama hannunsa. "Ni ne na yi maka wannan," na ce. "Ina riƙe da igiya, na bar ka kai kaɗai a can ƙasa."

Ya kalle ni, ya girgiza kai. Ya lalubo babban yatsana da ƙyar, ya damƙe shi yadda yake damƙe igiya. Na tsaya cak ina ƙirga, tsoro ya cika ni kada ya kai uku.

Ya ja sau ɗaya, ya ci gaba da riƙewa.