Azarar da Na Yanka

"Ba zan yi da wannan icen ba, Rais. Ka sa a kwashe."

Mirzobek, shugaban ƙungiyar farauta ta ƙauyenmu da muke kira Rais, ya dubi gungumen icen safedor da aka jibge a ƙofar gidanmu, sannan ya dube ni. Jiya-jiya aka sare shi, har ruwa yake tsatstsafowa a bakin saran.

"Sitora, tebur na ce, ba gadon sarki ba. Inda baƙo zai zauna ya ɗora bindiga ya saita. Kwana tara ya rage ya iso."

"Ɗanyen ice ne. Iskar nan za ta murɗe shi kafin sati. Yau ka kafa shi daram, gobe ƙafa ɗaya ta ɗaga."

"To, malama! A makarantar Khorog ɗin har da karatun ice aka yi muku?" Mutanen da suka ɗauko icen suka yi dariya. "Da Usto Nazarsho na da lafiya, da ban tsaya ciniki da ke ba."

"Da yana da lafiya, da bai bari an sauke wannan a ƙofarsa ba."

Usto Nazarsho mahaifina ne, kafintan kwarinmu kaf. Shekara biyu ke nan da ɓarin jikinsa ya shanye, bakinsa ya karkace. Ni na taso ina riƙe masa katako, don haka da na dawo daga makaranta kayan aikinsa suka dawo hannuna.

Rais ya san abin da ya sa na kafe. Bara, baƙon da ya zo harbin bunsurun dutse a kan murfin mota ya saita bindigarsa, da riga a naɗe ƙarƙashinta. Da ya hau dutse ya harba, harsashin ya sami dabbar a cinya. Dokarmu kuwa ba a barin dabba da rauni, sai an bi jininta duk inda ta shiga. Shodi, mai bin jini na ƙungiyar, shi ne ya bi ta a kan tsaunin da ƙanƙara ta shafe kamar gilashi, ya zame ya faɗo. Kwana uku aka yi kafin a iya ɗauko gawarsa. Bana wanda zai bi jini shi ne yayana, Daulatbek.

"In ba za ki yi ba," in ji Rais, "ɗan ƙanena zai buga shi da ƙusa a wuni guda."

"Ka ba ni kwana takwas. Zan nemo busasshe."

Na bi ƙauyen gida-gida. A wurin da kashin shanu muke ƙonawa, wa ke da busasshen katako na kyauta? Wata tsohuwa ta miƙo mini ƙotar cebur. Wani ya ce in jira bazara. Kwana biyu suka tafi a banza, na dawo gida ban samo komai ba.

Busasshen ice ɗaya na sani. Azarar icen tut ce mai kauri, shekara huɗu tana kwance a ƙarƙashin rumfarmu. Baba ya tanade ta don canja babbar azarar ɗakinmu, wadda ta tsage har yatsa na shiga.

Inna ta same ni ina auna ta da igiya.

"Ke, me kike yi?"

"Abin da kika gani."

"Rufin fa? Ina za mu sa ubanki in dusar ƙanƙara ta sauko?"

"Rufin ya yi shekara huɗu bai faɗi ba, Inna. Shodi kuwa taku ɗaya ya yi."

Ta shiga wajen Baba tana kuka, na bi ta. Ya daɗe yana kallon tsagar da ke samansa. Ya buɗe baki, maganar ta ƙi fita. Sai ya ɗaga hannunsa mai lafiya ya nuna mini yatsu uku. Inna ba ta gane ba, ni na gane: ƙafa uku zan yi wa teburin. Mai ƙafa huɗu ba ya zama lafiya a ƙasar duwatsu.

Zartonmu na mutum biyu ne, Daulatbek kuwa yana can kan dutse yana duba inda garken yake. Wuni guda na yi ina ja ni kaɗai, zarton na lanƙwashewa yana maƙalewa, ban ci ko rabin taku ba. Tafin hannuna ya fashe, sanyi ya shiga ciwon. Washegari da hantsi na ji ɗaya gefen ya yi nauyi. Inna ce, ta ɗaure bakinta da mayafi.

"Kar ki yi mini magana," ta ce. "Ja kawai."

Kwana uku muna ja. Na fere allunan, na huda ramuka, na sassaƙa turakun da za su riƙe su, domin ƙusa tana sakin jiki in bindiga ta yi ta dukan katako. Na yanke gefen teburin inda ƙirjin maharbi zai shiga, na haɗa mazaunin da jikinsa. Da na gama, mutum biyu ba sa iya ɗaga shi.

Daulatbek ya sauko ana gobe baƙo zai iso. Ya tsaya a rumfa yana kallon inda azarar take da.

"Wa ya ce ki cece ni?" ya daka mini tsawa. "Shekara goma ina hawan dutsen nan!"

"Shodi sha biyar ya yi, Yaya."

Ya ɗaga hannu kamar zai mare ni, sai ya ga tsummokaran da na naɗe yatsuna da su. Ya juya ya fita.

Aka kafa teburin a bakin rafi, aka sa allon gwajin harbi can nesa. Rais ya hau kansa ya yi rawa da jiki don mutane su yi dariya, teburin bai motsa ba.

"Kai! Wannan ai ya fi ki taurin kai," ya ce.

Baƙon ya zauna ya harba uku. Duk ukun suka taru wuri ɗaya, amma tafin hannu guda a hagun inda ya auna. Jijjigar hanya ta goce masa madubin bindiga bai sani ba. Ya murɗa, ya sake harbawa, suka shiga tsakiya. Bayan kwana biyu ya kayar da bunsurunsa da harsashi ɗaya, Daulatbek ya dawo gida da ƙafarsa, ba jinin da ya bi.

Dusar ƙanƙara ta sauko da wuri. Kullum ni da Daulatbek muna kan rufi da cebur, mu kwashe da safe, kafin azahar ta sake cikawa. Mun yi wata biyu a haka. Sai aka yi wadda ta kwana uku ba ta tsaya ba. Da rana tsaka tsagaggiyar azarar ta yi wata ƙara, muka ja Baba a kan bargonsa muka fitar da shi, ɗakin ya rufta a bayanmu.

Muka koma ɗakin awaki. Hanya a toshe, ba asibiti, ba inda za a sami ice. Sanyi ya kama ƙirjin Baba a mako na biyu. Ina jin numfashinsa kamar ana jan zarto, ba abin da zan iya yi sai ɗumama masa ruwa. Ya rasu saura wata ɗaya ƙanƙara ta narke.

Mutane na cewa wa ya sani, ƙila da ɗanyen icen ma Daulatbek bai faɗi ba. Ni ma ban sani ba, kuma ban taɓa ce wa kowa na yi kuskure ba. Yayana yana raye. Ɗakinmu ya rushe, Inna ba ta ƙara kiran sunana ba, mahaifina kuma ya mutu a tsakanin awaki saboda azarar da na yanka.