Korayen Layuka a Fuskar Khamisu

Marin farko ya sauka kafin Badaru ya gama buɗe baki. Ƙeyarsa ta bugi kantar da ke bayansa, tsofaffin wayoyi da batura suka zubo masa a wuya.

"Me ka yi wa ƙanena?" Zakariya'u ya daka tsawa, yana nuna allon kwamfutar. "Dubi abin da ka mai da shi!"

A kan allon wani saurayi ne zaune bisa tayar mota, yana haɗa shayi yana dariya. Sai dai fuskar ta tsattsage. Korayen layuka sun ratsa ta daga goshi zuwa haɓa, jajayen ɗigo na tsalle a idanunsa. Hoton ya tsaya cak, ya yi baƙi, ya sake dawowa.

Khamisu ke nan, wanda ƙishirwa ta kashe bara da motarsu ta mutu a hamada, can wajen In Gezam. Abin da ya rage na fuskarsa da muryarsa a duniya shi ne wannan ɗan bidiyon, cikin 'yar kile, ƙaramar ma'ajiyar nan da ake sokawa a gaban kwamfuta. Wansa Zakariya'u, direban babbar mota, ya kawo ta shagon Badaru mai gyaran kwamfuta a unguwar Sersuf don a ciro hoto a wanke, ya kai wa tsohuwarsu a Agadas.

"Malam Zakari, wallahi bidiyonka lafiya lau yake," in ji Badaru, yana tofar da jini. "Katin hoto ne. Shi ke zana abin da ake gani a allo. Jiya na saye shi."

Shi ma dai Badaru da ganganci! Okaziyon ne, na hannu, wani ya sauko da shi daga arewa yana rantsuwar bai taɓa ciwon kai ba. Ya ɗaura shi da safe, ko gwadawa bai yi ba, sai a kan fuskar mamaci.

"Gyara," Zakariya'u ya ce. "Ina tsaye."

Badaru ya durƙusa. Ya girgiza wayar allon, layukan suna nan. Ya zare ta ya sa sabuwa. Ya kashe kwamfutar ya kunna, wannan karon tun kafin a buɗe komai allon ya cika da kore. Hakan ya tabbatar masa da zarginsa, har ya ɗan ji sanyi a ransa. Ya miƙa hannu zai zare 'yar kilen ya ajiye gefe kafin ya buɗe cikin na'urar.

Zakariya'u kuwa abin da ya gani shi ne mutum ya ɓata masa kaya, yanzu kuma zai ɓoye. Ya suri kujerar ƙarfe ya sauke ta a kan hannun. Badaru ya ji ƙarar ƙashinsa kafin ya ji zafin. Ya kurma ihu ya kife a ƙasa. Zakariya'u ya bi shi da ƙafa a haƙarƙari, ya juya ya ɗirka wa kwamfutar takalminsa, ta tuntsure ta daki bango.

Kande mai abinci ta faɗo shagon da ludayi a hannu. "Na shiga uku! Kai baƙin mugu, kashe shi za ka yi? Bari in kira 'yan sanda!"

"A'a, Inna," Badaru ya ce daga ƙasa. "In suka zo, takardu za su fara tambaya. Rabin layin nan baƙi ne marasa takarda, a bakin iyaka za su kwana. Ki riƙe mini akwatin kwamfutar nan kawai."

Ta riƙe tana zagi. Da hannun hagu ya kwance kusoshin, yana cije leɓe, gumi na shiga masa ido. Ya danne ɗan makullin ya fizgo katin. Fankarsa ta cushe da yashi, ko motsi ba ta yi. Ya juya bayan katin ya ga robar ta yi ruwan ƙasa, ta ɗan narke. Tsohuwar dabarar 'yan gwanjo ce: a gasa mataccen kati a tanda, ya farfaɗo na yini ɗaya, a sayar wa wawa.

Ya jefar da shi gaban Zakariya'u. Ya mai da wayar allon ramin da ke jikin uwar na'urar kanta, ya danna. Allon ya haska fes. Ya buɗe bidiyon wani suna da ya ɗauka a unguwar Tahaggart, sai ga mata na guɗa, kowace fuska tas, babu layi ko ɗaya.

Zakariya'u ya daɗe yana kallo. Kunya ta kama shi, kujerar ta sulale daga hannunsa.

"To," ya ce a hankali. "Sa mini na Khamisu."

Badaru ya kai idonsa gaban kwamfutar. Bakin ƙarfen 'yar kilen na nan maƙale a raminsa. Sauran jikinta yana ƙasa kusa da bango, inda takalmin ya aika shi.

Ƙaton direban nan ya zube bisa gwiwoyinsa. Ya tsince ta da yatsu biyu, ya hure mata ƙura, ya ɗora a tafin hannu. Muryarsa ta koma ta yaro.

"Ɗan'uwa, don girman Allah. Tana gyaruwa?"

"Tana iya gyaruwa," in ji Badaru. "Wayoyi ne sirara kamar gashi, a liƙe su da dalma ɗaya bayan ɗaya. Hannu ya ɗan karkace, ta ƙone, shi ke nan."

"Wa ke yi? Ko ina ne zan je."

"Duk wanda na sani a garin nan, wurina yake turowa."

Badaru ya ɗago hannunsa na dama ya aza a kan tebur. Ya kumbura suntum, yatsu biyu sun juya inda yatsu ba sa juyawa. Kande ta kawar da kai. Zakariya'u ya dubi hannun, ya dubi abin da ke tafinsa, ya sake duban hannun.