Ƙulli Ɗaya

Ba jakar ce ta fara ɓata wa Yaya rai ba, yadda Auta take ajiye ta ne. Kowace Asabar idan 'ya'yan gidan suka taru a falon Umma, sai an gama gaishe-gaishe an zuba shayi sannan Auta za ta shigo, ta yi sallama da muryar nan tata ta wadda ba ta taɓa jiran mota a rana ba, ta ɗora jakar a hannun kujera daidai inda hasken taga yake faɗowa. Jaka ce ja mai duhu, launin shayin da ya ji wuta, da sarƙa ruwan zinare da maɓalli mai ɗaukar ido. Da ta sauka a wurin, shi ke nan, hira ta koma kanta.

"Don Allah Auta, ina kika samo wannan jakar?" in ji matar ƙanin Yaya, wadda ba ta gajiya da tambaya ɗaya.

Auta ta yi dariya. "Ai ba a samunta a kasuwa. Guda ɗaya aka yi."

Guda ɗaya aka yi! Kai jama'a, ku ji wani iyayi. Yaya ta kurɓi shayi da zafinsa har ya ƙona mata harshe. Shekara ashirin tana koyar da lissafi a makarantar 'yan mata, jakarta baƙa ce mai ɓararren hannu, cike da takardun jarrabawa da jan biro da maganin ciwon kai, kuma ƙarƙashin kujera take tura ta da ƙafa. Ita kuwa Auta, da aka goya a bayan Yayar nan har ta yi mata fitsari ba sau ɗaya ba, ta auri mai yawo a jirgin sama, ga ta nan tana faɗa wa mutane wai guda ɗaya aka yi. Kishi ne, ba sai an saka masa wani suna ba. Yaya ta san kishi ne, sanin kuma bai rage mata komai ba.

Shi ya sa ba ta taɓa taɓa jakar ba. Matan ƙannenta su ɗauka, su rataya, su juya a gaban madubi, ita ko kallon kirki ba ta yi mata sai ta wutsiyar ido. Ta rantse a ranta hannunta ba zai hau kanta ba, kada a ce ita ma ta yaba.

Alhali in maganar jaka ake yi, duk gidan babu wanda ya kama ƙafar Yaya. Babansu baduku ne, ya yi shekara arba'in yana ɗinkin fata a rumfar ƙofar gida, kuma cikin 'ya'yansa biyar ita kaɗai ce ta zauna a gefensa. Ita take goga masa kakin zuma a zare, ita take miƙo basilla. Shi ya koya mata cewa fata da hanci ake fara sayenta, sannan a murza, sannan a leƙa ciki, don duk maƙaryacin ɗinki a ciki yake ɓoye ƙaryarsa. Idan ya yi wa yaran takalma iri ɗaya, don kada a yi faɗa, sai ya sa wa kowa alama da jan zare a ciki: ƙulli ɗaya na Yaya, biyu na mai bi mata, har zuwa biyar na Auta.

Sai ta shiga babbar makaranta, 'yan aji suka fara toshe hanci suna ce mata 'yar mai warin fata. Daga nan ta daina zama a rumfa. Ta koma shiga gida ta ƙofar baya. Har lokacin da Baba ya rasu, tana sabuwar malama mai takalmi ƙwas-ƙwas, Umma ta aika mata ta zo ta karɓi wani abu cikin kayan aikinsa. Amsar da ta bayar gajeriya ce: "A ba mai so."

To, ranar wata Laraba da aka tashi makaranta, Yaya ba ta nufi gida ba. Ta wuce babban kantin jakunkunan nan, wanda ta shekara tana wuce shi tana kallon kanta a gilashinsa. Sanyin na'ura ya dake ta tun daga ƙofa. Kowace jaka tana zaune ita kaɗai a kan katakonta, da fitila a samanta. Mai kantin, wata doguwa mai dogayen farce, ta kalli fuskar Yaya, ta kalli baƙar jakar da ke hammatarta, ta sake kallon fuskar.

"Sannu da zuwa, Malama. Ta zuwa aiki ake nema?"

Wa ya gaya mata malama ce? Yaya ta duba hannun rigarta, ta ga garin alli. Ta kakkaɓe. "Ta fita nake nema. Wadda in an ajiye za a san an ajiye."

"Kin zo gida."

Ta sauko mata da guda biyu. Ta farko ruwan ƙasa ce, ba ado, ba tambari. Yaya ba ta yi niyya ba, amma kafin ta ankara ta kai ta hanci. Fata ce ta gaske, an jeme ta da kyau. Ta murza, ta ji tana lanƙwasa tana komawa. Ta buɗe ta bi ɗinkin da farcen babban yatsa, ta tarar a jere yake, babu wanda ya fi wani tsawo. Wannan ko jikarta za ta riƙe ta.

"Wannan ta fi sauƙin kuɗi," in ji mai kantin, tana ɗan taɓe baki. "Mai kyau ce, ba laifi. Sai dai ba wanda zai san ta."

Ta biyu baƙa ce wuluk mai sheƙi, da wani ƙaton tambarin ƙarfe a gaba wanda ko daga bakin titi za a karanta. Yaya ta shinshina, ta ji warin fenti. Ta leƙa ciki, ta ga gefen da gam aka manne shi, aka bi da ɗinkin ado a sama don a rufe ido. Shafin cikin ma siriri ne, mukulli kaɗai zai huda shi. Da Baba ne aka miƙa wa wannan, da ya yi tsaki ya mayar wa mai ita ba tare da ya ɗaga kai ba.

"Gam ne a nan," ta ce.

Mai kantin ta ɗaga gira. "Malama, masu sayen wannan ba sa leƙa ciki."

"Hannun ba zai yi shekara biyu ba."

"Ai kafin shekara biyu an daina yayinta. Sunan ake saya." Ta juya ɗan katin farashin ta nuna mata. Yaya ta karanta. Albashinta ne na wata biyu, har da ɗoriya.

Ta tsaya da jaka a kowane hannu. Hannun dama yana ce mata ga kaya, na hagu yana ce mata ga Asabar. Ta tuna rufin kicin ɗinta da ke yoyo. Ta tuna ta yi wa kanta alkawarin sabon tabarau. Sai kuma ta ji muryar nan, da 'yar dariyarta: guda ɗaya aka yi.

"Akwai wata ja mai duhu, da sarƙa ruwan zinare," ta ce, kamar ba ta damu ba. "Wai guda ɗaya aka yi. Kin san ta?"

"Kowa haka yake cewa," in ji mai kantin. "Tana da tambari?"

"Ban gani ba."

"To ai magana ta ƙare. Wannan ta hannun hagunki, ko wace ce waccan, sai ta ba ta wuri."

Yaya ta mayar da mai kyan kan katakonta. Wallahi sai da ta ƙara shafa ta kafin ta saki. Aka naɗe mata mai tambarin a farar takarda, aka saka a kwali, aka nuna mata rubutun da ke jikin bango cewa abin da aka saya ba a dawo da shi.

Ranar Asabar da gangan ta makara. Ta zauna a gida da mayafinta a jiki tana kallon agogo, sai da ta tabbata Auta ta riga ta, sannan ta fito. Ta shiga falon da sallama, ta wuce kai tsaye, ta ɗora sabuwar jakar a hannun kujera, kafaɗa da kafaɗa da ta Auta, har ta ɗan ture ta daga hasken.

"Tabɗi!" in ji matar ƙanin nata, ta miƙe tsaye. "Yaya! Ta gaske ce? Kai, ku zo ku ga tambari!"

Aka yi caa a kanta. Wannan ta rataya, waccan ta ɗauki hoto. Yaya ta zauna ta harɗe ƙafa, tana cewa, "Haba, 'yar ƙarama ce fa, na gan ta ne kawai na ɗauka." Daɗi ya cika ta har wuya. Ta saci kallon Auta don ta ga yadda fuska take faɗuwa.

Fuskar ba ta faɗi ba. Auta ta tafa hannu ta ce, "Ma sha Allah, Yaya, ta dace da ke! Dama na gaji da ganin waccan baƙar." Kuma da gaske take, abin haushin ke nan. Mutum ya kashe albashin wata biyu don ya ƙona wa wani rai, a ce ko ɗumi bai ji ba. Umma kuwa, daga kan dardumarta, ta kalli jakar sau ɗaya ta ce Allah ya sa albarka, ta ci gaba da jan carbi.

Can Auta ta shiga kicin wanke kofuna. Sai waya ta fara ƙara a cikin jar jakar, ta yanke, ta sake farawa.

"Yaya!" Auta ta ƙwala daga kicin. "Don Allah ciro mini wayar nan, hannuna duk kumfa ne. Ke ce kusa."

Babu yadda za ta yi. Ta jawo jakar da yatsa biyu kamar mai ɗaukar tsumma.

Yatsun ne suka fara ganewa. Fatar ta kwanta a hannunta da laushi, irin laushin da sai an yi kwana da kwanaki ana murza ta da mai. Ta buɗe maɓallin, wani ƙamshi ya taso ta ƙarƙashin turaren Auta, ƙamshin kakin zuma da rumfa da rana. Sarƙar da maɓallin sababbi ne, daga baya aka sa su, ga ramukan tsohon hannun nan an toshe. Amma ɗinkin! Ɗinkin hannu ne, kowane ɗaya ya ɗan karkata hagu, don Baba bahago ne. Wayar tana ta ƙara, Yaya ba ta ji. Ta tura hannu can ƙasan kusurwa, ta juyo shafin waje.

Jan zare. Ta shafa da babban yatsa tana neman sauran huɗun. Ta sake shafawa. Ƙulli ɗaya ne.

Ta ɗago. Matan suna can gaban madubi da mai tambarin. Umma ce kaɗai take kallonta, carbin ya tsaya a hannunta.

"Sai yau kika leƙa ciki?" in ji Umma a hankali.

"Umma... wannan ai..."

"Wata huɗu ya yi yana ɗinka ta, ido ya riga ya tafi, da lalube yake sa basilla. Ya ce malama guda ba za ta tafi aiki da jakar leda ba. Ya ce kada a gaya miki sai ya gama." Umma ta ja ƙwayar carbi ɗaya. "Ya gama, bai kai ga ba ki ba. Sau uku ina aika miki."

"Ba a ce mini jaka ba ce."

"Ba ki tambaya ba. Kin ce a ba mai so. Ita kuwa ta so."

Yaya ta sake duban jan zaren. Shekara da shekaru tana jin zafin wai mijin Auta ya saya wa Auta abin da ita ba za ta iya saya ba. Ashe wannan zafin wasa ne. Yanzu ne kishin gaske ya zo, ya zauna mata a ƙirji da nauyinsa: wata huɗu na hannun Baba, na ƙarshe, suna rataye a kafaɗar yarinyar da ba ta taɓa goga kaki a zare ba. Kuma babu wanda ya ƙwace mata. Da bakinta ta bayar.

Auta ta fito tana goge hannu a gefen zane. Ta karɓi wayar ta duba. "Af, direba ne, yana waje tun ɗazu. Umma, sai wani satin." Ta gyara mayafi, ta miƙo hannu tana murmushi. "Yaya, jakata."

Yaya ba ta saki nan da nan ba. Babban yatsanta yana ciki, a kan ƙullin. Auta ta ɗan ja, ta yi dariya, ta ɗauka wasa ne.

"Kin ga, ai na faɗa muku," ta ce. "Guda ɗaya aka yi."

"Na sani," in ji Yaya. Ta saki.

Tana jin ƙarar sarƙar har ƙofar gida. Matar ƙanin nata ta dawo daga gaban madubi ta ɗora mata mai tambarin a cinya, tana cewa wallahi yau Yaya ce ta ci gida. Yaya ta ce na gode. Hasken taga yana kan hannun kujerar, babu kowa a wurin, amma ba ta mayar da jakar can ba. Ta sunkuya ta tura ta ƙarƙashin kujera da ƙafa.