Basir Ɗin Biskit

Sanda yana durƙushe a tsakar kicin, waya a hannun dama da tocilarta a kunne, jelar mage a hannun hagu, yana leƙen wurin da bai taɓa zaton aiki zai kai shi ba. Shekararsa arba'in da takwas, furfura ta fara cin gemu, digiri biyu a jaka, na uku a kan hanya. Wurin ya kumbura, ya yi ja. Magen ta waigo ta yi masa irin kallon da surukarsa ke yi masa idan ya ce karatun ya kusa ƙarewa.

Magen ta Khaulat ce, 'yarsa tilo, mai shekara goma sha ɗaya. Ita ta raɗa mata suna Biskit. Ranar Alhamis Khaulat ta bi uwarta Raki zuwa Birmingham, inda ƙanwar Raki ta haihu ana shirin suna. Kafin su fita ta manna takarda a jikin firiji: rabin gwangwanin abincin mage da safe, rabi da yamma, sabon ruwa kullum, a kwashe yashin da take bayan gida a ciki. Sannan ta tsaya a bakin ƙofa da jaka a baya, ta ƙi motsi sai da ya ce wallahi zai kula da ita. Ya faɗa yana dariya, amma dai ya faɗa. Yau Lahadi, bas ɗinsu zai shigo Manchester ƙarfe shida.

A ranar farko ya buɗe gwangwanin, ya sansana, ya rufe. A gidansu na Gwale ma akwai mage, ba ta da suna, ba ta da likita, ƙayar kifi da ragowar tuwo take ci, kuma sai da ta binne 'yan haya biyu. Ya ga lokaci ya yi da za a nuna wa Biskit abinci. Ya ɗauko kilishin da yake saye wurin wata mata a Cheetham Hill, ya haɗa mata da kan busasshen kifi da ƙasusuwan kaza. Ruwa kuwa bai tuna ba, don magen Gwale da kanta take nemo nata a gindin tulu. Biskit ta ci har tana gurnani. Kwana biyu suna zaman mutunci, shi da ita, yana yago kilishi ya ci ɗaya ya miƙa mata ɗaya.

Da ya ga yashin nan fes ranar Juma'a, ya ɗauka tarbiyyarsa ce ta fara aiki. Ranar Asabar ta shiga ta tsuguna, ta yi ta yunƙuri, ta yi wani siririn kuka, ta fito ba komai. Yau da safe ya same ta tana jan gindi a kan kafet, ta ƙi ci, ko kilishin ba ta kalla ba.

Shekara huɗu ke nan yana bincike a jami'a kan toshewar magudanan ruwa na birane. Ya yi jawabi a kai a gaban Turawa har suka tafa masa. Ga toshewa ta biyo shi har gida, mai ƙafa huɗu.

Amma wannan cutar bai buƙaci digiri ba kafin ya gane ta. Basir ne. Duk wanda ya tashi a Kano ya san basir, ya ji shi a lasifikar masu magani a bakin kasuwa tun kafin ya iya karatu. Sanda kuwa ya san shi fiye da ji. A saman sif, bayan akwatuna, akwai wata gora mai baƙin ruwa da wani abokinsa ke zuwa masa da ita daga gida. Shekara biyu yana kurɓarta bayan sallar asuba, idan Raki ta koma barci. Bai taɓa zuwa wurin GP, likitan unguwarsu, ba. Sau ɗaya ya kira, muryar mace ta ɗauka ta tambaye shi abin da ke damunsa, ya ce kuskuren lamba ya yi.

Ya hau kujera ya sauko da gorar, ya tsiyaya cokali ɗaya a faranti. Biskit ta matso a karkace, ta sansana, sai ta juya ta shiga kartar ƙasa a gefen farantin, yadda take yi idan za ta binne ƙazanta. Abin ya ɓata masa rai, don maganin ba na banza ba ne. Ya maƙale magen a hammata, ya cika cokali, yana neman bakinta, aka buga ƙofa.

Dalyop ne, maƙwabcinsa, mutumin Jos, direban bas a kan titin Stockport. Daga coci yake, cikin kwat, riƙe da kular gwate da matarsa Margaret ta aiko wa gwauron kwana uku. Ya dubi magen, ya dubi cokalin.

"Dakta, me kake ɗura wa 'yar mutane?"

Dakta yake ce masa tun shekarar farko, da niyyar tsokana, kuma kowace shekara tsokanar na ƙara nauyi. Sanda ya yi masa bayani a taƙaice. Dalyop ya ajiye kula, ya ɗauki gorar, ya sa tabarau, ya karanta takardar jikinta da ƙarfi tun daga basir mai tsiro har zuwa ciwon baya da mutuwar jiki.

"Na waye?"

"Na wani abokina ne. Ajiya ya ba ni."

"To abokin nan naka yana yawan zuwa duba ajiyarsa. Saura kaɗan ta ƙare."

Daga nan ya daina dariya. Ya ce shi bai san komai game da mage ba, amma ya san Khaulat, ya ga yadda take ɗaukar dabbar nan kamar jaririya, kuma idan ta dawo ta tarar da gawa, to Sanda ya nemi wani gidan. Akwai asibitin dabbobi a Levenshulme da ke buɗewa ranar Lahadi. Ya sa gorar a aljihun kwat, wai kada abokin ya zo ya rasa mai tsaronta.

Suna kokawar sa Biskit a akwatinta waya ta yi ƙara. Khaulat ce, kiran bidiyo, bayanta hayaniyar mata da ƙarar tukwane. Ta ce a nuna mata Biskit. Sanda ya saita wayar a kan fuskar magen kawai, daga kunne zuwa gemu.

"Abba, me ya sa take maka wannan kallon?" in ji ta, da Hausarta mai ɗauke da Turancin Manchester.

Ya ce kewarta take yi. Ya ce layin ba kyau. Da ya kashe wayar sai wallahin nan ya dawo masa, ba dariya a ciki ko kaɗan.

A mota ya zauna yadda ya saba zama, nauyinsa duk a ɓari ɗaya, hannu a kan ƙofa. A cikin akwatin da ke cinyarsa Biskit ma ta kwanta a ɓari ɗaya. Dalyop ya dube su sau biyu, sannan duk wani tudun rage gudu da ke tsakanin unguwarsu Longsight da Levenshulme sai da ya nemo shi ya haye.

A asibitin aka tambayi sunan mage da na mai ita. Bayan minti ashirin wata ma'aikaciya ta leƙo ta kira Biskit Sanda, a gaban mutum bakwai da karnuka huɗu. Dalyop ya yi masa barka da samun ƙaruwa.

Likitar, Zoe, ba ta wuce sa'ar ɗaliban da yake duba wa jarrabawa ba. Ta tambayi abin da ya kawo su. Sanda, wanda ke iya awa guda yana Turanci a kan bututun ƙarƙashin ƙasa, ya nemi kalma ya rasa. Ya ce magen tana da ɗan damuwa ta can baya. Ya nuna da haɓa. Zoe ta ɗaga jela ba tare da wani shiri ba, ta duba, ta matsa cikin a hankali. Ta ce hanjin ya cika da kashi mai tauri kamar tsakuwa, kumburin kuma na yawan yunƙuri ne, kuma da an ƙara kwana ɗaya ko biyu da maganar ta fi haka nauyi. Sai ta tambayi abin da ta ci.

Ya ce abinci.

Dalyop ya taimaka. Ya lissafa ƙasusuwan kaza, da kan kifi, da kilishi, har ya yi bayanin yadda ake shanya shi da irin yajin da ake shafa masa. Da ya zo kan albasa da tafarnuwa Zoe ta ajiye biro. Ta ce waɗannan biyun suna cutar da jinin mage, dole ta ɗebi jini ta duba. Ta tambaya ko an ba ta wani magani.

Sanda ya ce a'a, wanda gaskiya ne. Dalyop ya zaro gorar ya dasa a kan tebur, ya ce an dai yi niyya, mara lafiyar ce ta ƙi. Zoe ta ce mara lafiyar ta yi hankali. Ta juya gorar, ta tambayi maganin mene ne, Dalyop ya fassara mata takardar layi-layi, da muryar da yake karanta nassi a coci. Ta dubi ragowar ruwan da ke ƙasan gorar. Ta dubi kujerar da ta nuna wa Sanda tun shigowarsu, wadda har yanzu bai zauna a kai ba.

Aka shiga da Biskit ciki, aka yi mata abin da ake yi, aka ƙara mata ruwa. Bayan awa ɗaya da rabi aka fito da ita ta yi sakayau, ranta a ɓace. Jinin lafiya lau. Zoe ta rubuta takarda tana karantawa: ruwa da yawa, abinci mai laima, a daina busasshen nama da yaji, a riƙa motsa jiki, ga maganin sassauta ciki, kuma idan an ga alama kada a zauna jira. Ta miƙa masa, ta ce a hankali, idonta a kan magen, wai ita likitar dabbobi ce kawai, amma ta ji an ce likitocin mutane suna ganin irin wannan sau goma kafin azahar, har ba sa ɗaga kai.

Ƙarfe huɗu ya same shi a gida. Ya share kicin, ya kai ragowar kilishi gidan Dalyop gudun hijira, ya buɗe gwangwanin da ya raina. An ce ya lura ko za ta yi da kanta, don haka ya jawo matashi ya zauna a gefen yashin, a ɓari ɗaya, yana cin gwaten Margaret. Ƙarfe biyar da rabi Biskit ta shiga, ta tsuguna, ta yi. Ya ce alhamdulillahi da wata irin murya da bai yi ba ranar da aka karɓi takardarsa ta farko a mujalla. Ya ɗauki hoto ya tura wa Dalyop.

Ya shirya tsaf cewa babu wanda zai ji. Abin da ya manta shi ne ɗan wurin da aka aske a ƙafar Biskit don ɗibar jini. Da suka iso, Khaulat ko jaka ba ta sauke ba ta gan shi.

"Abba."

Ya so ya ce gashi ne ke zuba saboda sanyi. Sai ya ga idonta ya ciko, ya zaro takardar daga aljihu ya ba ta, ya faɗi komai, har kan kifin. Ta karanta sau biyu tana shafa magen. Ta tambaya shi da kansa ya kai ta? Ya ce shi da kansa, kuma a gaban jama'a aka kira ta da sunansa. Ta yi ƙoƙarin riƙe fuska, dariya ta ƙwace mata ta hanci. Ta ce ta yafe, amma daga yau ba shi ba ciyar da Biskit, aikinsa kwashe yashi.

Raki ta matso. Ta karɓi takardar ta karanta a tsaye, mayafi a kafaɗa. Sai idonta ya sauka a kan gorar, wadda Dalyop, Allah ya saka masa, ya ajiye a tsakiyar teburin cin abinci.

"Baban Khaulat, wannan ba ita ce ta bayan akwati ba?"

Ya fara maganar abokinsa.

"Ni nake goge mata ƙura duk Asabar," in ji ta.

Ta ɗauki biro, ta manna takardar Zoe a jikin firiji, a saman inda aka rubuta Biskit ta ƙara suna ɗaya. Sannan ta cika kofi da ruwa ta ajiye a gabansa, ta cika faranti ta ajiye a gaban magen, ta wuce ɗaki.

Washegari ƙarfe takwas daidai yana tsaye a kicin da waya a kunne, yana kiran wurin GP. Na'ura ta ce shi ne na goma sha huɗu a layi. Ya jira har ya zama na ɗaya. Muryar mace ta ɗauka, ta tambayi suna da ranar haihuwa, sannan ta tambayi abin da ke damunsa. Biskit na zaune a kan kujera, daidai a kan gindinta, tana kallonsa.

Ya juya mata baya, ya faɗa.