Sunan da Ke Binsa a Baya

A wajenmu 'yan doguwar hanya, masu ratsa duwatsun Amurka da ƙafa, mutum ba ya raɗa wa kansa suna. Wanda iyaye suka ba ka, a bakin titi kake barinsa tare da mota. Sai ka yi tafiya da mutane, kun ci daga tukunya ɗaya, sun sha minsharinka a rumfar kwana, sun ga wautar da ka tafka, sannan wani ya buɗe baki ya liƙa maka abin da za ka riƙa amsawa har tsufanka. Masu zaɓa wa kansu, irin su Damisar Dutse, dariya ake yi musu a bayan ido.

Orval Stidham ya kusa cinye shekara a kan hanya, amma har yanzu Orval yake. Abin yana ci masa rai fiye da yadda zai yarda ya faɗa. Mai shimfiɗa tayil ne daga Ohio, ya ba hamsin baya, aurensa ya daɗe da mutuwa. Ranar farko ta shekara ya saɓa jaka da niyyar ya taka mil da ƙafarsa fiye da duk wanda ya taɓa yi a cikin shekara guda. Ya gama hanyar duwatsun yamma, ya gama ta tsakiyar ƙasa, da kaka ya faɗo ta duwatsun Appalachia daga jihar Maine ya yi kudu.

Mai neman irin wannan bajinta ba shi da lokacin mutane. Kafin kowa ya motsa ya naɗe shimfiɗarsa. A tafe yake cin abinci, markaɗaɗɗiyar gyaɗa da cokali daga kwalba. Bai taɓa kwana biyu a jere da mutane ɗaya ba. In aka tambaye shi yadda ake kiransa ya ce Orval, sai a dube shi kallon ɗan birnin da ya zo shan iska ranar Lahadi, shi da tafin ƙafarsa ya zama kamar fatar ganga. Yakan ce wa kansa in ya kafa tarihi kowa zai san shi. Da safe maganar tana shiga, amma da yamma, in ya wuce rumfa ya jiyo ana shewa a ciki, ba ta yi masa komai.

Yayarsa Glenda ce ke aiko masa kwalin abinci da sabon takalmi ta gidan waya. In ya kunna wayarsa ya kira ta, takan tambayi ƙafafunsa, ta tambayi sanyi, daga nan ta koma labarin karenta.

A watan Disamba ya iso Dutsen Springer a Jojiya, inda hanyar ta ƙare. Ba kowa a wurin sai hazo da allon ƙarfe a jikin dutse. Ya dafa allon, ya lashi gyaɗarsa a tsaye. Hanyoyin uku ba su ishe shi lissafi ba, da sauran ɗaruruwan mil kafin shekara ta fita, kuma ba rana ko ɗaya ta zubarwa. Sai ya juya ya sake bin farin fentin jikin itatuwa da ke nuna hanya, ya yi arewa. Bai yi tunanin abin da hakan ke nufi ba: duk waɗanda ya bari a baya, yanzu gaba da gaba zai gamu da su.

Bayan 'yan kwanaki, da tsakar rana, ya gangaro wata kwalta da ta ratsa tsakanin duwatsu. Akori-kura ce a gefen titi, an sauke murfin bayanta, tururi na tashi daga tukunya. Irin mutanen nan ne da muke kira mala'ikun hanya, masu dafa abinci su kawo wa matafiya don jin daɗin ransu kawai. Wannan tsohuwa ce gajera mai suna Arlene. Matafiya biyu suna zaune a kan jakunkunansu, mace da namiji. Orval ya yi niyyar karɓar burodi ya wuce.

"Ba na ba na tsaye abinci, ɗana," in ji Arlene. "Dube ka kamar tsinken tsintsiya. Ajiye kayan nan."

Ƙamshin wake da nama da barkono ya fi ƙarfinsa. Ya jingine jakar a taya, ya zauna, ta miƙo masa kwano da burodin masara mai ɗumi. Macen ta ce ita ce Tafarnuwa, don ɗanyarta take taunawa wai maganin mura. Namijin, wani mai furfurar gemu da ya yi ritaya daga tuƙin bas, shi ne Safa Ɗaya, tun ranar da ruwa ya tafi da ɗayar a wani rafi. Kudu suka nufa, saura kaɗan su gama. Suka tambayi sunansa, ya ce Orval.

"Na hanya muke nufi," in ji Safa Ɗaya.

"Babu."

"Sabon shiga ke nan. Arewa kuma, a wannan sanyi? Faɗi gaskiya, matarka ce ta kore ka."

Orval ya yi murmushi ya sunkuyar da kai cikin kwano. Ya daɗe ba a tsokane shi ba, har ya manta daɗin abin.

Arlene tana zuba kofi ta tambaye su ko sun ji labarin Ƙeya. Ta ce makon da ya wuce ta zo nan musamman dominsa, ta ware masa kwano, amma ta juya ɗauko cokali ke nan ya tsallake titi ya haye. Safa Ɗaya ya ce ai wannan ba mutum ba ne, inji ne aka sa wa takalmi. Shi ma ya ce masa sannu a Tennessee, kafin ya rufe baki mutumin ya sha kwana.

Orval ya tambaya wane ne haka. Suka yi mamakin akwai wanda bai sani ba. Wani ne mai neman kafa tarihin mil a shekara, in ji su. Tun can arewa wasu suka raɗa masa sunan, ya yi ta yawo a wayoyin matafiya, domin ba wanda zai iya cewa ga kamannin fuskarsa. Kana hura wutar shayinka za ka ji taku, ka ɗaga kai, sai ƙeya. Alamarsa jar hula da rana ta cinye, da kafaɗar hagu da ke faɗuwa in yana tafiya.

Jar hular tana ƙasan jakarsa tun da sanyi ya shigo, ta ulun da Glenda ta saƙa ce a kansa. Kafaɗar kuwa, tun faɗowar da ya yi daga tsani shekarun baya take haka. A hankali ya miƙar da ita. Ashe yana da suna, watanni yana da shi, ana kiransa da shi a rumfunan da ya wuce. Murna ta taso masa, kunya ta biyo ta, don sunan ba abin da yake faɗa sai cewa ba wanda ya san shi.

Tafarnuwa ce ta hana Safa Ɗaya ci gaba da zagi. Ta ce lokacin da dusar ƙanƙara ta rufe manyan duwatsun da suka baro, ita kaɗai take, Safa Ɗaya yana gari yana jinyar gwiwa. Fentin jikin itatuwa ya ɓace cikin fari, ta rasa gabas ta rasa yamma, ta zauna a kan kututture ta yanke shawarar komawa gida. Sai ta ga sawu, manya, a jere, sun nutse cikin ƙanƙarar. Shi ne ya wuce da sassafe ya fasa hanya.

"Kwana da kwanaki ina sa ƙafata a inda ya sa tasa," ta ce. "Na san inda ya zame, na san inda ya tsaya ya huta. Har hira nake yi masa. In ce, Ƙeya, rage tsawon takun nan, ƙafata gajera ce. Duk tafiyar nan ban yi abokin da ya kai shi ba."

"To ni fa?" in ji Safa Ɗaya.

"Kai surutu ne da kai, Baba."

Orval ya tuna kwanakin. Su ne mafiya muni a shekararsa. Yatsunsa sun mutu, ya yi ta magana shi kaɗai don ya tabbatar muryarsa na nan, yana ganin ba wani mai rai a kan duwatsun sai shi. Ya buɗe baki zai ce ni ne. Maganar ta zo har kan harshe. Amma ya san in ya faɗa za a ja shi da tambaya, a ƙara masa kofi, a dafa kafaɗarsa, kuma in aka yi masa haka yau ba zai iya tashi daga wurin ba.

Arlene ta dubi sama ta ce ƙanƙara za ta sauko kafin magariba. Gidanta ba nisa, akwai ruwan zafi, akwai gado, duk su hau mota, gobe ta dawo da su. Tafarnuwa ta juyo gare shi ta ce ya bar wannan arewar, ba kowa a can. Ya biyo su kudu su ƙarasa tare, ba sauri suke yi ba.

"Kwana biyu da mu, ka samu suna," ta ce. "Safa Ɗaya gwani ne, sai dai ba ya ba da mai daɗi."

Abin da ya yi shekara yana so ke nan, an miƙo masa a gefen titi tare da burodin masara. Lissafin kuwa ba sai ya ƙirga ba, jikinsa ya haddace shi. Tafiyar yininsu rabin tasa ce. Kwana ɗaya a gadon Arlene, kwana biyu a takunsu, tarihin ya tafi, da duk abin da ya bari dominsa. Ya zauna da kwanon a hannu fiye da yadda ya saba zama a ko'ina. Sannan ya goge shi tas da sauran burodin, ya miƙa wa Arlene, ya ce bai taɓa cin wake irin wannan ba, amma akwai inda yake son kaiwa kafin duhu.

Arlene ta yi tsaki ta cusa masa burodi biyu a aljihu. Safa Ɗaya ya ce ya gaishe da matar in ta yafe masa. Tafarnuwa ta ɗaga masa kofi kawai, har ta koma kan maganar gwiwar abokinta.

Ya saɓa jaka, ya ɗauki sandunansa, ya tsallake kwalta. Hawan yana da tsayi, a fili yake, ba itacen da zai kare shi. Ya yi ƙoƙarin riƙe kafaɗar a miƙe, amma nauyin jaka da dogon saba suka mayar da ita inda take. Hirar da ke bayansa ta yanke. Iska ta kawo masa muryar Tafarnuwa, ƙasa-ƙasa, tana cewa Safa Ɗaya ya dubi tafiyar nan.

"Ƙeya," ta kira.

Ƙafafunsa suka tsaya da kansu. Bai taɓa jin an kira shi a kan hanya ba, kuma bai zaci zai amsa shi har cikin ƙashinsa haka ba.

"Ƙeya, juyo mana. Ko sau ɗaya."

Ya so ya juya. Amma hawaye ne ke bin gemunsa, kuma ba ya son wannan ta zama fuskar da za a kai labarinta rumfuna. Ya ɗaga sanda ɗaya sama, ya riƙe ta a can har hannunsa ya gaji. Sannan ya sauke ta, ya ci gaba da hawa.