Ram Ɗin da Bai Zauna Ba

Fanka tana juyawa, wata 'yar fitila ruwan goro ta kama a gefen madabod, wato babban allon da ake dasa kayan cikin kwamfuta a kai, amma fuskar kwamfutar baƙa ƙirin. Mai Agogo ya kashe, ya kunna, ya sake kashewa. Karo na bakwai ke nan tun hantsi.

Shekara talatin da takwas yana gyaran agogo, shi ya sa ya dage sai da hannunsa za a haɗa wa 'yarsa Auta kwamfutar da za ta riƙa zanen gine-gine. Auta ta ce a kai wa masu shago, shi kuwa ya ce Allah ya kiyaye, wanda ke zaunar da allurar agogon hannu ba zai kasa ɗaura sukuru tara ba. Abin da bai faɗa wa kowa ba shi ne, wata huɗu ke nan hannunsa na dama ya fara rawa. Ya ƙudurta a ransa cewa in kwamfutar nan ta tashi, to da sauransa. In kuwa hannun ne ya ɓata ta, zai rufe shago ya dawo gida ya zauna.

Ya jawo ɗan littafin da ya zo cikin kwali. Ashe fitilu huɗu ne a jere, kowacce da abin da take nufi, wadda ta kama kuwa ta ram ce, wato siraran allunan nan biyu da kwamfuta ke riƙe tunaninta a ciki. Duk da fargabar da yake ciki, sai da abin ya burge shi. Inji da kansa yana nuna inda ke masa ciwo! Agogo bai taɓa yi masa wannan alfarmar ba, sai dai ya tsaya cik ya bar ka da lalube.

Ya bi ta yadda ya saba, ɗaya bayan ɗaya. Ya zare ram ɗin duka biyu, ya goge haƙoransu na ruwan zinariya da buroshi mai laushi, ya mayar da guda ɗaya a gurbi na biyu. Shiru. Ya musanya da ɗayan, nan ma shiru. Ya cire ɗan kewayayyen batirin madabod, wanda ya gaisa da shi kamar ɗan gida don yayan batirin agogo ne, ya jira minti biyar ya mayar. Ya kwance madabod ɗin gaba ɗaya ya ɗora a kan kwalinsa, ko da wani sukuru ne ke taɓa shi ta ƙasa. Fitilar nan dai tana nan, ko gezau.

Saura inda yake gudu. Littafin ya ce in allura ɗaya ta lanƙwashe a mazaunin furosesa, wato ƙwaƙwalwar kwamfutar, ram ba zai yi aiki ba, kuma ya san hannunsa ya ɗan girgiza lokacin da yake zaunar da ita. Ya maƙala gilashinsa na ido ɗaya, ya ɗaga furosesar. Allurai sun fi dubu, sahu-sahu. Ya bi su layi-layi har wuyansa ya sage, bai sami ko ɗaya da ta karkace ba. Ya ji daɗi ƙwarai, amma kuma kansa ya ƙara ɗaurewa.

Ya mayar da furosesar. Yana cikin sake gwada ram guda ɗaya matarsa ta shigo da faranti.

"Malam, teburin cin abinci dai ya zama asibiti. A ƙasa za mu ci?"

"Ki ba ni minti goma, Hajiya."

Ta ajiye farantin a kan kujera ta tsaya tana kallo. Ya ɗora ram ɗin a gurbinsa da kan yatsu, ya taɓa shi a hankali, da ya ji ya ɗan tirje sai ya ɗauke hannu. Haka maigidansa ya koya masa tun yana koyon aiki, cewa duk abin da ya tirje a cikin agogo, kai ne ba ka sa shi daidai ba.

"Wannan abin ai bai zauna ba," in ji ta. "Ga haƙoransa nan a waje suna min murmushi."

"Ya zauna. Nan ne iyakarsa."

"To wannan ɗan maƙallin na gefe fa, haka ake barinsa a buɗe?" Ta janyo littafin ta nuna masa hoton manyan yatsu biyu da kibiya tana nuna ƙasa. Ya ga hoton tun ɗazu, ya ɗauka zuzutawar masu zane ce kawai.

Kafin ya ce uffan ta ɗora yatsunta ta danna kamar mai rufe murfin roba. Ƙas! Ƙas! Mai Agogo ya dafe ƙirji, don a sana'arsa duk ranar da ka ji wannan ƙarar, ka karya abin mutane.

Ya kunna ba don yana sa rai ba. Fitilar ta kama, ta daɗe a kunne, har ya miƙa hannu zai kashe.

"Bar ta mana ta wartsake," in ji Hajiya.

Sai fitilar ta tsallaka ta gaba, ta sake tsallakawa, ta mutu. Rubutu fari ya bayyana a fuskar kwamfutar. Ya matso har hancinsa na neman taɓa gilashin, yana karantawa yana dariya. Ashe tun hantsi ladabi ne ya yi masa yawa.

Ya kashe ta don a sa ram na biyu. Hajiya ta miƙo masa.

"Wannan kuma naka ne."

Ya karɓa, sai hannun ya ci amanarsa a gabanta, allon yana ta karkarwa a saman gurbin. Kunya ta kama shi, ya sunkuyar da kai.

"Hajiya, hannun nan rawa yake yi. Ya kwana biyu."

"Na sani. Tun ranar da ka koma zuba min shayi da hagu."

"Shi ne ba ki ce komai ba?"

"Jira nake ka faɗa da bakinka." Ta dafe gefen madabod ɗin da tafin hannunta don kada ya goce. "Duk sauran kayan nan wa ya ɗaura su, ni ce? Na riƙe maka. Danna, Malam."

Sai a karo na uku ya iya saita shi, ya ɗora manyan yatsunsa biyu, hannun bai daina rawa ba, ya danna da ƙarfinsa.