Gonaki Uku, Kogi Ɗaya

Da hantsi wayar Malam Haladu ta yi ƙara, yana zaune a tsakar gida yana shan kunu. 'Yarsa Radiyya tana bakin ƙofar ɗaki da littafi a cinya, tana jin sa yana ta faɗin, "To... to... ya kawo ina?" Da ya ajiye wayar, bai sake waiwayar kunun ba.

"Daga Auyo ne," ya ce da matarsa, Inna Barira. "Kogi ya cika ya batse. Wai ruwa har yana lasar bakin jinga."

Wannan ranar Radiyya take tsoro tun farkon damina, ga ta kuwa ta zo.

Ita ce babbar 'yar gidan, tana karatun kasuwanci a jami'a. Littafin da ke cinyarta na Turanci ne, kan yadda kamfanoni ke sarrafa kuɗinsu, ƙato ne wanda in ka jefi kare da shi sai ya yi kwana biyu yana ɗingishi. Mahaifinta da ƙanensa, Baffa Baƙo, suna da ɗan kamfaninsu na shinkafa a Haɗeja, su noma, su cashe a injinsu, su sayar. Ba wani babban abu ba ne, amma shi ke riƙe da gidaje biyu, shi ke biya mata makaranta.

A hutun rani ne ta dawo gida da ɗumin wani babi a kanta. Babin ya ce mai hankali ba ya tara jarinsa wuri guda, rarrabawa yake yi, ta yadda in nan ya faɗi can zai tashe shi. Ɗalibin da ya fahimci babi ɗaya kuwa, Allah Ya raba ka da shi, don ji yake duniya ce bai ba wa shawara ba tukuna. Radiyya ta zaunar da mahaifinta da baffanta ta yi musu bayani tiryan-tiryan. A lokacin suna da babbar fadama ɗaya a gefen gari, da wata gonar tudu ta wajen Birniwa inda ake ɗan samun gero da riɗi. Ta nuna musu cewa gonar tudun nan ba ta mayar da abin da ake zuba mata. A sayar da ita, in ji ta, a kama fadama a wurare daban-daban: ɗaya a sama wajen Auyo, ga ta gefen Haɗeja a tsakiya, ɗaya kuma can ƙasa wajen Kirikasamma. Gonaki uku a garuruwa uku, ai an rarraba ke nan.

Ba wai Malam Haladu bai san kogi ba ne. Amma shekarun baya ruwa ya yi musu sauƙi, shinkafa tana tsada, ga kuma daɗin jin 'yarka tana magana kamar manajan banki. Ya amince, har yana ba da labarinta a majalisa.

Sai da ta koma makaranta aka shiga babi na gaba. Malamin ya ce rarrabawa ba ta da wani amfani in abubuwan da ka rarraba a kai duk masifa ɗaya ce ke kayar da su. Radiyya tana zaune a aji ta tuna da shawarar da ta bayar a gida. Gonaki uku, amma duk a bakin kogi ɗaya. Abu guda da ruwa ba ya iya taɓawa shi ne gonar tudun, ita kuwa da bakinta ta sa aka sayar. Tun daga ranar ba ta faɗa wa kowa ba. In hadari ya haɗu, mutane suna murna, ita tana tunanin kogi.

Malam Haladu ya zura takalminsa ya fita, shi da Baffa Baƙo suka nufi Auyo da buhunan yashi. Radiyya ta wuni tana buɗe littafin tana rufewa, ba ta gane ko layi ɗaya. Inna ta tambaye ta ko ba ta da lafiya ne, ta ce kanta ne ke ciwo.

Bayan azahar ƙanenta Usaini, wanda ke ja musu motar ɗaukar kaya, ya shigo jiƙe da laka har ƙugu.

"Inna, a ba ni abinci in kai musu. Baffa ya ce in wuce Kirikasamma in kwaso duk 'yan ƙwadagon da ke can, a haɗu a tare jingar Auyo."

"Duka?" in ji Radiyya. "To wa zai yanke ta can ɗin?"

"Yanka kuma? Yaya, ana ta ceton babba wa yake ta ƙarama?"

Ta san lissafin gonakin nan kamar tafin hannunta. Ta Auyo ita ce babba, ita ta fi cin kuɗi, amma shinkafarta yanzu ta fara fid da kai. Ta tsakiya ma ɗanya ce sharaf. Ta Kirikasamma aka fara shukawa, ita kaɗai ce ta yi ja, ko yau aka sa mata lauje za a samu abin kaiwa inji. Ruwan da ke Auyo yau kuwa, gobe ko jibi yana can.

Ta yafa mayafinta. Ta ce, "Kai ni wurin Baba tukuna."

Ba ta taɓa ganin kogin haka ba. Ya zama ja wur, ya faɗaɗa har ba a hango ɗaya gaɓar sosai, yana tafe da tarin kacala da guntayen zana, har da wata akuya da ta kumbura tana juyawa. Abin da ya fi razana ta shi ne da ta hau jingar, ta ga ruwan kogin yana sama da gonar. Tsakaninsa da shinkafarsu ba komai sai wannan tulin ƙasar da take tsaye a kai, shi ma tana jin yana motsi a ƙarƙashin ƙafarta kamar tuwon da bai daskare ba. Daga gindinsa ta ɓangaren gona, ruwa yana tsattsafowa wuri-wuri. Mutane suna ta gudu da buhuna a ka, an toshe nan, can ya ɓulle.

Baffa Baƙo ne ya fara ganin ta. "Ke kuma me ya kawo ki nan? Usaini, ba Kirikasamma na aike ka ba?"

Ta durƙusa ta gaishe su. Mahaifinta ya matso, rigarsa duk taɓo. Sau ɗaya ta taɓa ba su shawara, ga inda ta kawo su, yanzu kuma ta zo da wata.

"Baba, don Allah kada a kwaso mutanen can. Na nan ma a kai su can, a yanke wadda ta nuna tun ruwa bai isa ba."

Baffa Baƙo ya riƙe baki. "A bar nan? Kin san abin da muka binne a gonar nan kuwa? Taki, iri, injin ban-ruwa, kuɗin gonar tudu kusan duk a nan suke. Mu juya baya mu tafi?"

"Baffa, abin da aka riga aka kashe ya tafi, ko mun tsaya ko mun bari ba zai dawo ba. Abin dubawa shi ne daga yanzu, ina ne aikin mutanen nan zai fi fitar da shinkafa. In jingar nan ta ɓalle bayan mun tara kowa a nan, mun rasa nan, mun rasa can."

"In kuma ba ta ɓalle ba fa? In da hannu da yawa za ta riƙe fa?"

Ta sunkuyar da kai.

Malam Haladu ya dube ta, ya ce a hankali, "Wannan maganar ma daga littafin take?"

"Daga ciki take, Baba."

"Ta sayar da tudu ma daga ciki take."

Hawaye suka zubo mata. "Ni ce ban karanta gaba ba. A babin da ke biye an ce kada a yi abin da na sa ku. Na daɗe da sani, tsoro ne ya hana ni faɗa."

"Yanzu kin kai ƙarshensa?"

Da ta ce e, da magana ta ƙare. Amma ta girgiza kai. "A'a, Baba. Saura kusan rabi."

Wani ya ƙwala ihu daga can ƙasa, gefen jingar ya zaftare, mutane suka ruga da buhuna. Malam Haladu ya dubi wurin, ya dubi kogin, ya dubi shinkafar da iska ke kaɗawa kore shar. Radiyya ta ga leɓensa yana rawa, abin da ba ta taɓa gani ba, sai tsoronta ya ninku. Ashe shi ma bai sani ba.

"Usaini, juya mota," ya ce. "Kowa ya ɗauki laujensa."

"Yaya!" in ji Baffa Baƙo. "Kan maganar yarinya?"

"Kan tawa. Ni na ce a tafi."

Baffa Baƙo ya rantse ba inda za shi. Ya tsaya da 'yan mutane kaɗan waɗanda gonakinsu ke maƙwabtaka, sauran suka ɗare mota. Radiyya tana gaba a takure, tana leƙen madubi. Jingar tana nan tsaye daram, har suka sha kwana ta daina ganin ta.

Washegari tun da sassafe aka shiga yanka a Kirikasamma. Ruwan sama ya riga ya kwanta a gonar har idon sawu, kogin nan ma ya fara kumbura, amma bai hauro ba. Maza suna yanka, mata da aka ɗauko daga ƙauyen suna jidar dami zuwa kan titi, Radiyya tana cikinsu, ƙaiƙayi ya cinye mata wuya. Duk wayar da ta yi ƙara a gonar sai ta tsaya cak ta kasa kunne. Ba ta ma san me take roƙo ba. Ta dai riƙa ambaton Allah tana ɗauka tana saukewa.

Rana ta take tsaka, an ci fiye da rabin gonar, wayar mahaifinta ta yi ƙara. Tana kusa da shi, tana jin muryar Baffa Baƙo tana fitowa a dishe.

"Ta tafi, Yaya. Yanzun nan. Wuri ɗaya ne tak ya fi ƙarfinmu, wuri ɗaya! Da mutanen nan suna nan..."

"Ba wanda ya ji ciwo?"

"Babu."

"To, alhamdulillahi. Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Ku fito daga wurin."

Ya mayar da wayar aljihu. Ya tsaya riƙe da lauje, idonsa a kan ruwan da ke ƙafarsa. Radiyya ta so ta yi shiru, amma tambayar ta fi ƙarfinta.

"Baba, da mun tsaya, da ta riƙe?"

Ya juyo ya dube ta, idanunsa sun yi ja. Ta jira ya ce a'a. Ko ƙarya ce, a lokacin da ta karɓa da hannu biyu.

"Ban sani ba, Radiyya," ya ce. "Wallahi ban sani ba."

Ya sunkuya ya tattara abin da ya yanka, ya ɗaure, ya ɗaga ya ɗora mata a ka.

"Yi sauri ki dawo. Ruwan yana hanya."